Sanyin Ƙashi: Ku San Irinsa Kafin Ku Sha Magani

Da hunturu ya shigo Mora, masu kukan gwiwa da ƙugu da yatsu sukan yi yawa a asibiti. Kowa ya ce sanyi ne ya shige shi. Sanyi yana tayar da ciwon, amma ba shi ne tushensa ba. Abin da muke kira sanyin ƙashi, ko amosanin gaɓoɓi, cututtuka ne dabam-dabam, kuma kowanne da maganinsa.

Yadda gaɓa take

Inda ƙashi biyu suka haɗu, akwai guringuntsi mai santsi da ya rufe bakin kowanne, da ɗan ruwa mai yauƙi da ke sa su motsi ba gogayya. Idan guringuntsin ya cinye, ko gaɓar ta kumbura daga ciki, sai ciwo ya fara.

Iri huɗu da ya kamata ku sani

Na farko, na lalacewar guringuntsi. Shi ya fi yawa, musamman bayan shekara 45. Yana kama gwiwa, ƙugu da baya. Yana tsananta bayan aiki, ya lafa da hutu. Sagewar da ake ji da safe ba ta cika wuce minti 30 ba.

Na biyu, wanda jiki da kansa ke yaƙar gaɓoɓinsa. Ya fi kama mata. Yatsu da wuyan hannu na dama da na hagu sukan kumbura tare, sagewar safe ta kai awa ɗaya ko fiye. In an fara magani da wuri, ana iya hana yatsu karkacewa.

Na uku yakan faɗo wa mutum da dare, yawanci a babban yatsan ƙafa, ya yi ja, ko zane ba ya so ya taɓa shi. Ya fi kama maza. Bilbil da sauran giya, da yawan cin kayan ciki, suna tayar da shi.

Na huɗu, wanda ƙwayoyin cuta ke kawowa. Wannan ba ya jira. Ƙwayar cuta tana iya lalata gaɓa cikin kwanaki kaɗan. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga ɗanyen madarar shanu ko awaki, mai kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi.

Ku zo asibiti a ranar, idan:

Gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi.
Yaro ya ƙi taka ƙafa.
Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako 2 ko 3 ciwo ya riƙa yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wannan yana iya taɓa zuciya.
Ciwon baya ya zo tare da rama, ko tari mai daɗewa.

Yadda za ku kare gaɓoɓinku

Ku rage kaya. Jarka mai lita 20 tana da nauyin kilo 20. Uwar da ke hawa dutse da ita a ka kullum, gwiwarta ce ke biya. A raba ruwan gida biyu, ko a sa a kura ko bayan jaki, samarin gida kuma su taimaka.

A gonar albasa ko wajen dashen masakwa, kada ku daɗe a tsugune ko a sunkuye. Ku miƙe lokaci-lokaci ku ɗan taka.

Mai ƙiba ya rage. Kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku.

Ku tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo da ita.

Idan ciwon ya riga ya kama ku

Kwanciya ba magani ba ce. Gaɓar da ba a motsa ta sai ta ƙara sagewa, naman da ke riƙe da ita ya yi rauni. Ku zauna a kujera, ku miƙe ƙafa ɗaya sosai, ku ƙirga goma, ku sauke a hankali. Sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. Tsumma da ruwan ɗumi yana sassauta sagewa. Ku riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya.

Ku yi hattara da ƙwayoyin da ake tallarsu a kasuwar Lahadi. Diclofenac da ibuprofen, in aka daɗe ana sha, suna gyambon ciki, suna lalata ƙoda. Dexamethasone yana kumbura fuska, ya tayar da ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Tramol kuwa kama mutum yake yi, ya kasa bari. Tsaga da sakiya a kan gaɓa suna buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma ana iya rage ciwon, mutum ya ci gaba da noma da zuwa kasuwa. In za ku zo, ku taho da duk maganin da kuke sha, har na gargajiya, mu duba tare.