Idan Ƙasa Ta Motsa a Ƙarƙashin Tukunyar Nukiliya

Manomin Zuru da ya tashi yana kallon duwatsun da suka kewaye garinsu ba zai yarda cewa ƙasa na iya motsi ba, kuma yana da hujja: tsofaffin duwatsu ne masu zaman lafiya. Haka mutanen Kwoi ta ƙaramar hukumar Jaba a jihar Kaduna suka ɗauka, har Satumbar 2016 da ƙasa ta girgiza, bangayen gidaje suka tsage. A jihar Kadunan nan kuwa tukunyar nukiliya ɗaya tilo ta Nijeriya take.

Sunanta NIRR-1, tana Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ƙirar Sin ce, ta fara aiki a Fabrairun 2004, ƙarfinta kilowat 30 da 'yan kai. Ba lantarki take bayarwa ba, bincike ake yi da ita. Sandar kadmiyom guda ke kashe ta, ruwan sanyaya ta kuma da kansa yake zagayawa, ba sai da famfo ba. A 2018 aka sauya mata makamashi mai ƙarancin haɗari, aka mayar wa Sin tsohon. Wannan ba abar fargaba ba ce. Abin tunani shi ne manyan tashoshin da ake maganar ginawa a Geregu ta Kogi da Itu ta Akwa Ibom.

A babbar tasha, idan ƙasa ta girgiza, kashe tukunya ne aiki mafi sauƙi. Cikin daƙiƙoƙi sanduna kan shige su tsayar da ita. Matsalar tana bayan nan. Kamar murhun da aka janye wa itace, garwashin na nan da ransa: makamashin na ci gaba da fitar da kusan kashi 6 cikin 100 na zafinsa, sannan ya riƙa raguwa sannu a hankali. Don haka ma'aikacin ɗakin kula zai fara tabbatar da cewa ta mutu, ya duba ko janareto sun tashi, ko ruwa na zagayawa. Sai a ƙirga ma'aikata, a bi bututu da tankuna da ƙafa ana neman yoyo, a sanar da hukuma. A Amurka, in girgizar ta wuce ma'aunin da aka gindaya wa tashar, dole a rufe ta. Haka tashar North Anna ta Bajiniya ta tsaya daga Agusta zuwa Nuwambar 2011.

A tashar Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, da ƙasa ta girgiza tukwanen sun mutu yadda aka tsara. Igiyar teku ce ta zo ta nutsar da janareto, ma'aikata suka koma ciro batiran motoci don su karanta ma'aunai. Amma a ganina labarin girgizar da ta taɓa tashar Kashiwazaki a Yulin 2007 ya fi shafar mu. Taransfoma ta kama wuta, bututun ruwan kashe gobara ya fashe, ƙofar ɗakin da layin wayar gaggawa yake kuma ta cije saboda girgizar. Kusan awa biyu wutar na ci. A Japan ke nan fa.

Hukumar NNRA mai sa ido kan harkar nukiliya a Nijeriya, kafin ta ba Geregu lasisi, ya kamata ta tambayi man janareto na kwana nawa za a ajiye, wa ke da ikon rufe tasha da tsakar dare ba tare da jiran Abuja ba, da kuma minti nawa motar kashe gobara za ta yi daga garin Ajaokuta da ke kusa.