Ƙwai mai barci cikin gwangwani: abincin farko na ƴaƴan kifi

Kiwon tarwaɗa cikin kwamin siminti ya shigo garuruwanmu, a birane kuma akwai masu ajiye ƙananan kifayen ado cikin akwatin gilashi. Duk wanda ya taɓa gwada renon ƴaƴan kifi ya san inda gizo yake saƙa. Ɗan tarwaɗa yakan fito daga ƙwai da ƴar jakar gwaiduwa a cikinsa. Ita ce guzurinsa na kamar kwana 3. Da ta ƙare, sai ya shiga neman abinci. Bakinsa ƙarami ne ƙwarai, cikinsa kuma bai yi ƙwarin narkar da abincin manya ba. In bai samu abin da ya dace da shi ba, kafin kwana biyu sai mai kiwo ya tarar da mushe a ƙasan kwami, waɗanda suka rage kuma su koma cin junansu.

Abincin da masu wannan sana'a suka dogara da shi a duniya, shi ne wata ƴar halitta da ake kira artemiya. Dangin jatan lande ce, babbarta ba ta cika wuce santimita ɗaya ba. Tana rayuwa cikin tafkunan da gishirinsu ya fi na teku, inda kifi ba ya iya zama balle ya cinye ta. Idan zama ya yi mata wuya, sai ta saki ƙwai mai ɓawo mai tauri. Ƙwan yakan bushe, ya yi barci har shekaru, ba ya farkawa sai ya jiƙa. Tun cikin shekarun 1930 masana a Amurka da Norway suka gane cewa ƴaƴan da ke fitowa daga wannan ƙwai abinci ne mai kyau ga jariran kifi.

Babban kaso na ƙwan da ake sayarwa daga wani babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka yake fitowa. A can, daga watan Oktoba zuwa Janairu, ana shiga da jiragen ruwa a kwashe shi yana yawo a saman ruwa. Ana kuma samun sa a Rasha, da Kazakistan, da Sin, da Biyetnam. Sai a wanke, a busar, a rufe shi cikin gwangwani, galibi mai giram 425. In ka buɗe, za ka ga kamar rairayi mai laushi, ruwan ƙasa. Giram ɗaya tak ya ƙunshi ƙwai fiye da 200.000. Kaya ne da ya sha tafiya, kuma yana da tsada.

To, abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan garin da yake gani ba matacce ba ne. Rai gare shi. Manyan abokan gabansa biyu ne, danshi da zafi, kuma dukansu muna da su a wadace. Idan ƙwan ya shaƙi danshi, ɗan da ke ciki yakan fara motsawa, ya yi ta cin guzurinsa a banza, ga shi kuma babu ruwan da zai fito ciki. Ranar da aka zo ƙyanƙyasa, ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Sau da yawa mai kiwo yakan zargi ɗan kasuwa da sayar masa da jabu, alhali a kan kantar ɗakinsa ƙwan ya lalace, ƙarƙashin rufin kwano, cikin zafin Afrilu ko laimar Agusta.

Gwangwanin da ba a buɗe ba, a sa shi cikin firigo. Da an buɗe shi, shawararmu ita ce a raba ƙwan cikin ƙananan kwalabe busassu masu murfi mai kamawa. Ɗaya ta amfanin mako, sauran a ajiye su ba a taɓawa. Wanda zai daɗe watanni, a sa shi wajen ƙanƙara. Amma a kula da abu guda. In an fiddo kwalba daga sanyi, kada a buɗe ta nan take. Kowa ya ga yadda gorar ruwan sanyi take yin gumi. Haka raɓa za ta sauka kan ƙwan. A bar kwalbar a rufe har ta huce. Wanda ya fito daga ƙanƙara kuwa, ya fi kyau ya yi ƴan kwanaki a inuwa kafin a yi aiki da shi. Jiƙaƙƙen cokali kada ya shiga ciki ko sau ɗaya.

Wanda ba shi da firigo, ko yake inda lantarki ba ta zama, gara ya haɗa kuɗi da abokan sana'a su sayi gwangwani ɗaya su raba. Kowa ya ɗauki abin da zai ƙarar da wuri, ya rufe shi sosai, ya ajiye a wurin da ya fi sanyi a gidan.

Ƙyanƙyasar ba ta da wuya. A samu gorar roba mai lita ɗaya da rabi, a yanke gindinta, a kifa ta, murfi yana ƙasa. A zuba ruwa lita ɗaya. In na famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe don maganin da ke ciki ya fita. A narkar da gishiri mai tsabta giram 25 zuwa 30, wato kamar babban cokali ɗaya da rabi. A ƙara ɗan bikarbonat a bakin cokali. Sannan a zuba ƙwai rabin ƙaramin cokalin shayi. Kada a wuce giram 2 a lita, don cunkoso yana rage yawan masu fitowa. A zura siririn tiyo daga injin hura iska har ƙasan gorar, ruwan ya riƙa juyawa ba tsayawa, kada ƙwan ya kwanta. A bar fitila kusa da shi dare da rana. Mai injin iska da ke aiki da batir ya huta da fargabar ɗaukewar wuta.

Ɗumin da ƙwan ya fi so shi ne digiri 25 zuwa 28. Da haka, cikin awa 24 an gama. Lokacin ɗari yakan kai awa 36 ko fiye. Da bazara kuwa, in ruwan ya wuce digiri 33 ƙyanƙyasa takan lalace, saboda haka a tsayar da gorar cikin bokitin ruwan randa, a inuwa.

Idan lokaci ya cika, a kashe iska, a jira minti 10. Ɓawon zai taso sama, ƙwan da bai fashe ba ya nutse can ƙasa. Ƴaƴan kuwa, masu launin ruwan goro, za a gan su suna wutsil-wutsil, suna taruwa inda haske yake. A haska tocila wajen ƙasan gorar, a zuƙo su da tiyo, a tace da ƙyalle mai ƙananan ido, a ɗauraye da ruwan daɗi. A yi ƙoƙari kada ɓawo ya biyo, don yana toshe cikin ɗan kifi.

A ba kifi nan da nan, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Bayan awa 6 zuwa 8 ƴaƴan artemiya sukan fara cinye kitsen jikinsu, amfaninsu ya ragu. Ragowar tana iya kwana ɗaya a firigo cikin ruwan gishiri. Alamar kifi ya ci ita ce a ga cikinsa ya yi ja.

Akwai kuma irin da aka riga aka cire wa ɓawo, wanda ake jiƙawa a ba tarwaɗa ba sai an ƙyanƙyashe ba. A tambayi mai sayarwa wane iri ne a hannunsa. In mai ɓawo ne, kafin a matse ƙwan uwar tarwaɗa da mako guda, a gwada ɗan kaɗan a gora a ga ko yana fitowa. Gorar gaske kuma a ɗora ta ranar da ƴaƴan kifi suka kwana biyu, ta biyu ta biyo bayanta washegari.