Sharhin Tattalin Arziki: Yadda Hukumomin Gwamnati Ke Shirin Tunkarar Annobar Mura

ABUJA — A ranar 8 ga watan Fabrairu na shekarar 2006 aka tabbatar wa duniya cewa cutar murar tsuntsaye, samfurin H5N1, ta ɓulla a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da cutar a nahiyar Afirka. Kajin gonar sun fara mutuwa tun wajen 10 ga watan Janairu, kuma kafin sakamakon gwaji ya dawo daga birnin Padova na ƙasar Italiya, kimanin 40,000 daga cikinsu sun riga sun mutu. Kusan wata guda ke nan tsakanin faɗuwar kazar farko da sanarwar hukuma, kuma a cikin wannan wata dillalan kaji da na ƙwai sun ci gaba da safararsu daga kasuwa zuwa kasuwa kamar yadda suka saba.

Abin da ya tayar da hankalin gwamnatocin duniya a lokacin ya wuce asarar kaji. Ƙwayar cutar mura takan sauya kama a hankali kowace shekara, shi ya sa ake sabunta allurar rigakafinta a kai a kai. Amma lokaci-lokaci ƙwayar da ke jikin tsuntsaye ko aladu takan cuɗanya da ta mutane, sai a sami sabon samfurin da jikin ɗan Adam bai san shi ba. Idan irin wannan samfuri ya iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi, to annobar duniya ta tashi. Haka ta faru a 1918, da 1957, da 1968, da kuma 2009.

Asarar da annoba ke jawowa

Annobar 1918 ta hallaka mutane kimanin miliyan 50 a duniya. Ta shigo Nijeriya ta tashar jiragen ruwa ta Legas a watan Satumba na wannan shekara, ta bi layin dogo da koguna da hanyoyin fatake har ta game ƙasa. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa mutane kusan 500,000 ne suka rasu, a lokacin da yawan jama'ar ƙasar bai wuce miliyan 18 ba. Ya kuma nuna cewa ƙarancin majiya ƙarfi a gona ya sa manoman yankin kudancin Kogin Kwara suka karkata ga noman rogo, wanda ba ya cin aiki kamar doya. Ashe annoba takan sauya har abincin da al'umma ke ci.

A shekarar 2008, masana na Bankin Duniya sun lissafa cewa mummunar annobar mura za ta iya lashe kusan kashi 5 cikin 100 na arzikin da duniya ke samarwa a shekara, wato fiye da dalar Amurka biliyan dubu uku. Lissafin nasu ya nuna cewa kaso mafi tsoka na asarar yana zuwa ne daga matakan da mutane ke ɗauka don gudun kamuwa: ƙauracewa kasuwa, fasa tafiya, rufe shago da rage sayayya. Rashin zuwa aiki saboda jinya ne ke biye, sannan mace-mace. Saboda haka tsoro da jita-jita suna da farashi, kuma hukumar da ta iya kwantar da hankalin jama'a da gaskiya ta ceci dukiya mai yawa.

Aikin da ake yi kafin cuta ta zo

Mataki na farko shi ne sa ido. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke gudanar da wani tsari da ya haɗa ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashe, inda ake tattara samfurin majina daga marasa lafiya domin a ga irin ƙwayar da ke yawo. Sau biyu a shekara, a watan Fabrairu da na Satumba, masana kan zauna su zaɓi samfuran da za a sa cikin allurar rigakafi. Nijeriya ta fara nata shirin sa ido a 2008 da wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Asokoro da ke Abuja. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, wadda aka kafa a 2011 aka kuma sa hannu a dokarta a 2018, ita ce ke riƙe da ragamar wannan aiki ta fuskar mutane. Ta fuskar dabbobi kuwa, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, ita ce idon gwamnati.

Mataki na biyu shi ne doka. Ƙa'idojin Kiwon Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda suka fara aiki a watan Yuni na 2007, sun wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 da zarar ta tantance ɓullar sabon samfurin mura a jikin mutum. A cikin gida, ikon killace mutane da hana zirga-zirga ya samo asali daga Dokar Killacewa ta 1926, wadda aka gada daga zamanin Turawan mulkin mallaka.

Mataki na uku shi ne tanadi: magani irin su Tamiflu, takunkumin fuska, safar hannu, iskar taimaka wa numfashi da kayan gwaji. A nan ne Ma'aikatar Kuɗi kan yi jinkiri, domin magani yana da wa'adin lalacewa, kuma kuɗin da aka zuba a rumbu ba a ganin amfaninsa sai ranar da musiba ta sauka. Amma wanda ya jira ranar zai tarar da farashi ya ninka, ƙasashen da ke sarrafa kayan kuma sun fara da kansu. Allurar rigakafin sabon samfuri takan ɗauki wata biyar zuwa shida kafin ta fito, kuma har yanzu akasarinta a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar da ake haɗa ta da ita. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda Nijeriya ta yi a 2006

Da sanarwa ta fito, Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin Cif Olusegun Obasanjo ta ɗora aikin a kan ma'aikatu uku: ta Aikin Gona, inda Malam Adamu Bello ke minista, ta Lafiya ƙarƙashin Farfesa Eyitayo Lambo, da ta Watsa Labarai. An killace gonakin da cutar ta shiga, aka karkashe kajin da suka rage aka binne, aka yi feshi, aka kuma taƙaita jigilar kaji daga jihohin da abin ya shafa. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 domin daƙile cutar a jikin tsuntsaye da kuma shirin ko-ta-kwana idan ta koma annobar mutane.

Duk da haka, cutar ta bazu zuwa Kano da Filato da Bauchi da sauransu, kuma kafin watan Fabrairu ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Zuwa 2008 ta shiga fiye da jihohi 20, tsuntsaye sama da miliyan ɗaya sun salwanta. A watan Janairu na 2007 wata mata 'yar shekara 22 ta rasu a Legas sakamakon cutar, mutuwa ta farko da aka tabbatar a Afirka kudu da hamadar Sahara.

Kasuwa ma ta ji jiki. Jama'a sun ƙaurace wa naman kaza da ƙwai, har a jihohin da cutar ba ta je ba. Mai gona da kajinsa lafiya lau ya rasa mai saye, kuma kaza ba ta daina cin abinci don ciniki ya tsaya. Daga gona asarar ta gangara kan masu niƙa abincin kaji, da manoman masara da waken soya, da masu ƙyanƙyasar 'yan tsaki, da masu gasa kaji a bakin titi, da matan karkara waɗanda 'yan kajin tsakar gida su ne asusunsu.

Batun diyya

Babban darasin wannan lokaci yana cikin batun diyya. Da farko gwamnati ta yanke Naira 250 a kan kowace kaza, kuɗin da ya gaza farashin kasuwa nesa ba kusa ba, kuma kajin da jami'ai suka kashe ake biya, ban da waɗanda suka riga suka mutu. Manomin da ya ga kajinsa sun fara faɗuwa sai ya yi lissafi. Idan ya kai rahoto, za a rufe gonarsa, a ba shi abin da bai kai rabin jarinsa ba, shi ma bayan dogon jira. Idan ya kira dillali cikin dare ya karyar da farashi, zai sami kuɗi a hannu. Duk wanda ya zaɓi hanya ta biyu ya tura cutar zuwa wata kasuwa. Daga baya an sake duba tsarin, aka ɗaga kuɗin ya yi kusa da farashin kasuwa bisa nau'in tsuntsu da shekarunsa.

A idon masanin tattalin arziki, diyya kuɗin sayen labari ce. Gwamnati ba ta da jami'in da zai kwana a kowane akurki, mai kaji ne farkon wanda zai ga alama. Idan diyya ta yi ƙasa ƙwarai, zai ɓoye. Idan ta zarce farashin kasuwa, wani zai yi sakaci da tsaftar gonarsa, ko ma ya shigo da kaji marasa lafiya don ya karɓi kuɗi. Abin da ake nema shi ne adadin da ya yi kusa da farashin kasuwa, wanda za a biya cikin kwanaki, daga asusun da aka riga aka ware. Haka lamarin yake ga ɗan Adam: leburan da ke cin abinci daga aikin yini ba zai zauna a gida don an ce ya killace kansa ba, sai an tanadar masa abin da iyalinsa za su ci.

Abin da 2009 ta ƙara koyarwa

A watan Afrilu na 2009 wani sabon samfuri, H1N1, wanda aka fi sani da murar aladu, ya ɓulla a Meziko da Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Yuni, ta kuma sanar da ƙarewarta ranar 10 ga Agusta na 2010. Meziko ta rufe makarantu da wuraren taruwar jama'a, harkar yawon buɗe idonta ta durƙushe na wani lokaci. Masar ta ba da umarnin a karkashe aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali tsakanin mutane cutar ke yaɗuwa. Matakin bai tsayar da komai ba, sai ma ya bar birnin Alƙahira da tarin sharar da aladun ke cinyewa. Saudiyya kuwa ta shawarci tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara su jinkirta aikin Hajji na wannan shekara, shawarar da ta shafi hukumomin alhazai na Nijeriya kai tsaye.

Allurar rigakafi ta tona wani asirin. Ƙasashe masu arziki sun riga sun ƙulla yarjejeniyar saye da kamfanoni, saboda haka gudummawar da aka yi wa ƙasashe matalauta ba ta isa ba sai bayan cutar ta lafa. Tun a 2007 Indonesiya ta ƙi miƙa samfurin H5N1 nata, tana ƙorafin cewa ana yin allura da shi a sayar da tsadar da ta fi ƙarfinta. Wannan taƙaddama ce ta haifar da yarjejeniyar 2011, wadda ta ɗaure kamfanonin da ke amfana da samfuran su ware wani kaso na allura da magani ga Hukumar Lafiya ta Duniya idan annoba ta tashi.

Inda aka kwana

Murar tsuntsaye ta sake dawowa Nijeriya a watan Janairu na 2015 ta Kano da Legas, ta kuma ci gaba da ɓulla jefi-jefi. A watan Maris na 2024 an gano H5N1 a jikin shanun madara a Amurka, alamar cewa ƙwayar tana ƙara sabawa da jikin dabbobi masu shayarwa. Cutar korona ta 2020, ko da yake ba dangin mura ba ce, ta gwada tsarin gaba ɗaya, ta kuma nuna ƙarancin gadajen jinya da iskar numfashi a asibitocin ƙasar nan.

A taron Abuja na 2001, shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, adadin da Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Likitocin dabbobi na jihohi, da jami'an sa ido na ƙananan hukumomi 774, da motar da za ta kai samfuri Vom kafin ya lalace, duk a cikin kasafin kowace shekara ake samun kuɗinsu ko a rasa. Idan wata sabuwar mura ta taso, mai kajin da ya fara ganin alama zai sake yin lissafin da aka yi a 2006, kuma amsar da zai samu ta dogara ne ga abin da Majalisar Dokoki da Ma'aikatar Kuɗi suka riga suka ware.