AN ZAƁE KA AMMA TAKARDA BA TA FITO BA: ME SHARI'A TA CE?

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun masu neman aikin Gwamnati, musamman samarin da suka gama kwalejin horon malamai da masu neman aikin akawu. Hukuma ta kan yi shela tana neman ma'aikata, a yi jarrabawa, a kira mutane a gana da su, har a kafe sunayen waɗanda suka ci a jikin allo. Daga nan sai tsit. Wata ya wuce, shekara ta zagayo, ba takarda, ba bayani. Wani ya riga ya ƙi wani aikin da aka yi masa tayi, wani ya ci bashi bisa sa ran albashi, ga kuma aji can a ƙauye yara sun cika shi ba malami.

To, shin wannan jinkiri yana bisa doka? Wanda aka zaɓa yana da ikon ya tilasta wa Gwamnati ta ba shi aikin? Manyan kotunan duniya sun sha auna wannan magana, ya kuwa kamata masu jiran takarda da masu riƙe da fayil duka su san inda aka tsaya.

TAKARDAR DA AKA SA WA HANNU

Tsohuwar shari'ar da ta fi shahara a kan haka a Amurka aka yi ta. Cikin watan Maris na 1801, ana sauran kwana kaɗan Shugaba John Adams ya sauka daga mulki, ya naɗa waɗansu mutane ƙananan alƙalai a yankin babban birnin ƙasar, cikinsu har da wani William Marbury. An sa wa takardun hannu, an buga musu hatimi, amma saboda gaggawa ba a kai wa waɗansu tasu ba. Da sabon Shugaba, Thomas Jefferson, ya hau, sai ya hana a miƙa waɗanda suka rage. Marbury ya kai ƙarar Sakataren Gwamnati, James Madison.

Cikin Fabrairu na 1803 Babban Joji John Marshall ya yanke hukunci. Ya ce tun daga sa'ad da Shugaba ya sa hannu aka buga hatimi, naɗi ya cika, riƙe takardar kuwa tauye haƙƙi ne. Amma duk da haka Marbury bai sami kujerar ba, domin kotun ta ga tsarin mulki bai ba ta ikon fara jin irin wannan ƙara ba. Darasi biyu ke nan. Na fari, akwai wani mataki wanda in an kai gare shi aiki ya zama na mutum. Na biyu, mai gaskiya ma in ya ɓata ƙofa sai ya koma gida hannu wofi.

WANDA SUNANSA KE CIKIN JERI KAWAI

Yawancin masu kuka ba su kai matakin Marbury ba. Sunansu dai ya fito, amma ba wanda ya sa hannu a takardarsu. A kan irin waɗannan, ƙasar da kotunanta suka yi ta tankaɗe da rairaya ita ce Indiya, inda dubban mutane ke neman gurbi ɗaya, kuma sashe na 14 da na 16 na tsarin mulkinta na 1950 suka wajabta a daidaita 'yan ƙasa wajen ba da aikin Gwamnati.

A jihar Haryana an yi shelar gurbi 15 na ƙananan alƙalai. Mutum 40 suka sami maki 45 cikin 100 ko fiye, watau abin da doka ta ce shi ne mafi ƙanƙantar ci. Gwamnati ta ɗauki bakwai na farko kaɗai, waɗanda suka kai maki 55, ta ce tana so ta tsare darajar aikin alƙalanci. Waɗansu daga cikin na baya suka kai ƙara. Cikin 1973, a shari'ar da aka sani da sunan Subash Chander Marwaha, Kotun Ƙoli ta ba Gwamnati gaskiya. Ta ce kasancewar gurbi ba ya tilasta a cike shi, shiga jeri kuma bai zama naɗi ba.

Amma cikin 1986 wata mace, Neelima Shangla, ta yi nasara a kan wannan jiha. A nan hukumar jarrabawa ce ta aika wa Gwamnati sunaye kaɗan ta riƙe sauran, alhali kuwa guraben suna nan, waɗanda suka cancanta suna nan. Kotu ta ga ba wanda ya zauna ya shawarta a bar guraben da gangan saboda wani dalili, sai ta umarta a sa sunanta cikin waɗanda za a naɗa.

Cikin 1991 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka haɗa bakin zaren a shari'ar Shankarsan Dash, wanda ya nemi a ɗaga shi zuwa wani gurbi da ya faɗi a babban aikin 'yan sanda. Shi bai ci nasara ba, amma ƙa'idar da aka kafa ta zama abin dogaro har yau. Ga ta a taƙaice. Wanda aka zaɓa ba shi da tabbataccen haƙƙin a naɗa shi, shelar neman ma'aikata kira ne kurum ga waɗanda suka cancanta. Amma wannan bai ba Gwamnati damar yin abin da ta ga dama ba. In za ta bar gurbi, lalle ne ya zama da zuciya ɗaya kuma bisa dalili mai kyau. In kuwa za ta cike, tilas ta bi jeri yadda maki ya tsara, ba tsallake.

Sa'an nan cikin 1995 aka zo kan jinkiri kansa. Wani lauya, R. S. Mittal, yana cikin waɗanda aka zaɓa don zama a kotun ƙararrakin haraji, Gwamnati ta ajiye jerin ta yi shiru. Ko da yake shi ma bai sami kujerar ba, kotu ta zargi Gwamnati, ta ce ba a yin watsi da jerin zaɓaɓɓu bisa son rai, dole a sami dalilin da za a iya karewa.

Na baya bayan nan shi ne hukuncin 7 ga Nuwamba, 2024, a shari'ar Tej Prakash Pathak. Cikin 2009 Babbar Kotun jihar Rajasthan ta nemi masu fassara 13. Mutum 21 suka zauna jarrabawa. Bayan an gama sai aka ce sai wanda ya kai maki 75 za a ɗauka, mutum uku kaɗai suka tsira. Alƙalai biyar suka yanke cewa ba a sāke sharaɗin cancanta bayan an fara ɗauka, sai fa in doka ko shelar ta yarda da haka tun farko. Suka kuma maimaita ƙa'idar 1991. Mai karatu ya lura, shekara 15 ke tsakanin jarrabawar da wannan hukunci.

Abin ya yi kama da baiko da ɗaurin aure. Baiko ba aure ba ne, ba a tilasta wa uba ya ba da 'yarsa saboda shi. Amma dattijon kirki ba ya bar saurayi yana jiran gawon shanu shekara da shekaru, balle ya ɗaura wa wani a ɓoye.

YADDA ABIN YA KE A NIJERIYA

Hukuncin kotun Indiya ko ta Amurka ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya, amma da ya ke duk daga shari'ar Ingila muka yi gado, a kan duba su don neman haske. A nan ma aiki yarjejeniya ne, sai an yi tayi an karɓa, abin da malamanmu ke kira ijabi da ƙabuli. Suna a jikin allo ba tayi ba ne. Takardar ɗauka da mai iko ya sa wa hannu ita ce tayi, amsar da mutum ya rubuta ya ce ya yarda ita ce karɓa. Shi ya sa aka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Tsarin mulki na 1999 ya kafa Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya a sashe na 153, da ta kowace Jiha a sashe na 197. Sashe na 14 ya ce a raba muƙamai yadda wani yanki ba zai danne wani ba. Sashe na 42 ya hana a ware mutum saboda ƙabila, ko garin haihuwa, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko don namiji ne ko mace. Sashe na 254C, wanda ya shigo da gyaran 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon jin ƙararrakin aiki. Wannan ita ce ƙofar, kada a ɓata ta.

Saboda haka jinkiri iri biyu ne. Akwai mai dalili: ba a sa kuɗin albashin cikin kasafi ba, ko an gano maguɗi a jarrabawa, ko kotu ta ce a dakata, ko ana binciken takardun shaida da lafiyar jiki. Akwai kuma wanda ba shi da madafa: a ja lokaci don jerin ya mutu a yi sabo, ko don a cusa sunan ɗan wani, ko don shekarun wani su wuce iyakar da aka sa. Alamar da ke raba su ba ta da wuya. Jinkiri mai dalili ana iya rubuta dalilinsa a takarda a sa hannu. Wanda ba shi da dalili shiru ya kan ɓuya a ciki.

SHAWARA GA MAI JIRA

Kada ka bar aikin da ke hannunka sai takarda ta iso ka. Ka adana shelar da aka yi, da takardar kiran jarrabawa, da hoton jerin sunaye. In takardar ɗauka ta zo, ka amsa a rubuce nan da nan, ka riƙe kwafi. In shiru ya yi yawa, ka rubuta cikin ladabi ka nemi dalili. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba ma'aikatar Tarayya kwana bakwai ta amsa wa mai neman bayani. Akwai kuma Hukumar Jin Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa cikin 1975, tana karɓar kuka kyauta. Sa'an nan ka kula da lokaci, domin dokar da ke kare ma'aikatan Gwamnati ta ce a kai ƙararsu cikin wata uku. Kotuna sun sha bamban a kan ko wannan iyaka ta shafi maganar aiki, mai hankali kuwa ba ya jira a gwada a kansa.

GA MASU RIƘE DA FAYIL

Ku kuma 'yan'uwana akawuna da shugabannin ofis, maganar ta fi shafarku. Ba kullum ne mugun nufi ke kawo jinkiri ba. Sau da yawa fayil ne ya kwanta a tebur, wannan yana jiran wancan. Amma shari'un da muka ambata sun nuna sakaci ba ya zama dalili a gaban alƙali. In an dakatar da ɗauka, a rubuta dalili a fayil da kwanan wata, a kuma sanar da waɗanda aka zaɓa. In za a ɗauki rabi, a fara daga sama a gangaro. In an fasa gaba ɗaya, a faɗa musu da wuri su nemi abincinsu a wani wuri.

Kowane ɗayanmu ya taɓa tsayawa gaban allo yana neman sunansa. Gwamnati tana da ikon ta ce ba ta ɗauka bana, amma alkawari kaya ne, wanda ya kira mutane ya gwada su ya zaɓe su ya ɗauki nauyin ya gaya musu gaskiya. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.