Daga Fagge Zuwa Alƙahira: Abubuwan Ban Mamaki Kan Fita Neman Ilimi

In ka ratsa ta Wapa a Fagge lokacin komawa makaranta, za ka ga iyaye tsaye gaban 'yan canji suna lissafin dalar da za su aika wa yaro a Masar ko Indiya. Wasu na ɗaukar fita karatu waje sabon yayi ne, alhali hanya ce da kakanni suka taka tun zamanin raƙumi. Ga kaɗan daga abin da tarihi ya adana mana.

1. Fagge zangon baƙi ce tun fil'azal. A nan ayarin Buzaye ke sauke gishiri a wajen ganuwar birnin Kano, daga baya Kwarori suka zo suka kafa shaguna, har kasuwar Kantin Kwari ta ɗauki sunansu. Sabon Gari kuwa ta tashi ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yaron da ya girma tsakanin unguwannin nan biyu ya ji Larabci da Yarbanci da Ibo tun bai mallaki fasfo ba.

2. Masaukin ɗalibai a Masar ya girmi Nijeriya da ɗaruruwan shekaru. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem ke da masauki nasu a Alƙahira domin alhazai da masu neman ilimi, kuma Azhar ta ware ɓangare na musamman ga ɗaliban Barno.

3. Bakatsine ya yi fice a lissafi a Alƙahira. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi ya tafi aikin hajji, ya zauna a Masar, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara lambobi a gidajen hatimi, ta yadda duk layin da ka tara jimlarsa ɗaya. A can ya rasu a 1741.

4. Yaro daga ƙasar Damagaram ya koya wa Turawa Hausa. Dorugu, wanda aka kama bawa yana ƙarami, ya bi matafiyin nan Barth har Tumbutu, sannan Landan a 1855. Labarai da tatsuniyoyin da ya bayar sun shiga littafin Magana Hausa na 1885. Ƙarshen rayuwarsa a Kano ya yi ta, yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda ya rasu a 1912.

5. Sudan ta aiko mana malamai kafin mu aika mata ɗalibai. Lokacin Sarki Abdullahi Bayero, a 1934, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai 'yan Sudan. Bayan shekara 20, ɗaya daga ɗalibanta, Abubakar Mahmud Gumi, ya tafi Bakhtar Ruda ƙaro ilimi. Ya dawo ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987.

6. Shekara ɗaya a Landan ta girgiza siyasar Arewa. Malam Aminu Kano ya tafi cibiyar horar da malamai ta Jami'ar Landan a 1946. Ya ga talaka na tuhumar mai mulki ba tare da fargaba ba, ya dawo da wannan a ransa. Ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a wani gida da ke Sabon Gari, ba da jimawa ba ya ajiye aikin koyarwa ya zama jagoranta. Yau ɗalibin da zai tashi daga Kano, ta filin jirgin da ke ɗauke da sunan Malam yake fita.

7. Karin magana ta zama sunan littafi. Abubakar Imam ya ziyarci Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

8. Su ma suna zuwa wajenmu. Ana koyar da Hausa a jami'o'in Landan da Warso da Beijin, wasu ɗalibansu kan zo Jami'ar Bayero su gogar da harshe, har su ɗauki sunayen Hausa. Abin da suke tsallako teku su nema, mu a bakin uwa muka tsince shi.

9. Lamba ta zama suna. A Kano in ka ce 'yan 501, an san kana nufin rukunin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura karatu waje. A 2023 gwamnatin jihar ta sake sanar da tura 1,001.

10. Hanyar ba ta rasa ƙaya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum cikin Afrilun 2023, a motocin bas aka kwaso ɗaliban Nijeriya ta hamada zuwa iyakar Masar, da yawa sun bar littattafai da takardunsu a baya.

11. Akwatin ɗalibi shi ma labari ne. A kasuwar Sabon Gari ake sayo shi, uwa ta cusa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ƙulle cikin leda biyu, kilishi a naɗe a takarda, yaji a robar da aka liƙe bakinta. Yaron da bai taɓa ɗora tukunya ba, ran da sanyi ya rufe shi a baƙon gari, shi zai kira gida yana tambayar yadda ake kaɗa miya kada ta yi gudaji. A nan ake fara girma: ka dafa da kanka, ka tashi asuba ba mai tashinka, ka zauna lafiya da wanda bai san gaisuwarka ba.

Alkashinawi ya bar littafi, Dorugu ya bar ɗalibai, Gumi ya bar fassara, Malam Aminu ya bar talaka da baki. Kai da kake ɗaure akwati yau, Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai da tsarabar da za ta wuce ƙofar gidanku.