Me Ya Sa Madubin Gefen Mota Ke Maƙalewa a Ƙasashen Sanyi?

A Kanada, Rasha da arewacin Turai, direba kan fito da safe a lokacin sanyi ya danna maɓalli, amma madubin gefe ya ƙi buɗewa, sai dai ya ji ɗan gunji daga ciki. Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba. Ɗan ruwa ne da bai cika cokali ba ya daskare a mahaɗinsa.

Ta ina ruwan ya shiga? Madubin da ke naɗewa yana juyawa ne a kan mahaɗi, kuma dole a bar 'yar tazara tsakanin sassan biyu. Siririyar tazara kuwa tana zuƙar ruwa, kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Da rana dusar ƙanƙara ta narke, ko a wanke mota, ruwa ya kutsa ciki. Da dare sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, shi ke nan ya zama ƙanƙara.

Yawancin abubuwa tsukewa suke idan sun daskare, amma ruwa kumbura yake da kusan kashi 9 cikin 100, saboda ƙwayoyinsa suna jeruwa cikin tsari mai kusurwa shida da ke barin fili a tsakaninsu. Shi ya sa kwalbar lemon da ka manta a firiza take fashewa. A cikin mahaɗin, ƙanƙarar tana cika tazarar taf, ta kuma manne sassan biyu.

Ɗan injin lantarkin da ke juya madubin ba shi da ƙarfi sosai, kuma haƙoransa galibi na roba ne. In ka yi ta danna maɓalli, ko ka murɗa da ƙarfi, haƙoran na iya karyewa. Ga tsadar gyara, ga haɗarin tuƙi ba ka ganin na bayanka.

To, me za ka yi in karatu ko aiki ya kai ka can? Kashe tsarin naɗewa da kansa har sanyi ya wuce. Goge mahaɗin bayan wanki. Kada ka kwara tafasasshen ruwa: yana iya tsaga gilashin, sannan ya sake daskarewa a ciki. Fesa maganin narkar da ƙanƙara, ka ba shi 'yan mintuna. Kuma ka sani, na'urar ɗumama madubi gilashin take ɗumamawa, zafinta ba lallai ya kai mahaɗin ba.