Shin Ko Kun San? Gyaran Hoto, Daga Fensir Zuwa Waya

Shin ko kun san cewa wayar da ke aljihun ɗan koyon ɗaukar hoto a Dumega ta yi wa kamarar dijital ta farko fintinkau? Steven Sasson, injiniya a kamfanin Kodak, shi ya harhaɗa waccan a 1975. Nauyinta kilo 3.6, ɗigon hotonta dubu 10 kacal, baƙi da fari, kuma sai ta ci daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. Yau waya mai araha ma tana da ɗigo miliyan 12.

Shin ko kun san gyaran hoto ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba? Masu situdiyo na da fensir mai tsini suke sa wa dodon hoto, su rufe ƙurji, su rage tamoji. A Tarayyar Sobiyet kuwa, bayan an kashe Nikolai Yezhov a 1940, sai aka shafe shi daga hoton da yake tsaye kusa da Stalin a bakin ruwa, ruwan ya cike gurbinsa. Photoshop ta baya-bayan nan ce: wa da ƙane, Thomas da John Knoll, suka fara ta a 1987, ta shiga kasuwa a 1990.

Shin ko kun san dalilin da ya sa farar riga ke cinye fuskar mai ita? Ku ɗauki ranar Salla, an sauko idi, hantsi ya dubi ludayi. Baba ya sha farar babbar riga, ya tsaya ƙofar zaure, ka ɗauka. Ka duba, riga fes, fuska kuwa duhu, sai haƙora. Laifin ma'aunin hasken kamara ne. Shi ƙoƙarinsa ya mai da komai tsaka-tsaki, toka-toka, don haka da ya ga fari ya cika hoto sai ya rage haske, fuska ta nutse. Maganin maɓalli biyu ne a cikin manhajar gyara. Ka ja na wurare masu haske ƙasa har aikin zare na wuyan rigar ya bayyana, sannan ka ɗaga na inuwa a hankali har idanu su fito, tsagen Arawa da ke kumatu ya fito. Daga nan ka cire hannu. Abu guda dai: inda ya riga ya ƙone ya zama fari fat, babu manhajar da za ta dawo da shi, shi ya sa gara hoto ya ɗan yi duhu tun wajen ɗauka.

Kuma wannan matsala ta nutsewar baƙar fata a hoto tana da tarihi. Tun shekarun 1950 masu wankin hoto ke daidaita launi da wani katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley. Mai bincike Lorna Roth ta Kanada ta nuna cewa cikin waɗanda suka matsa aka gyara fim har da masu cakulan da masu kayan katako, don launin hajarsu ba ya fita. Shi ya sa nake jin haushi in na ga yaro ya danna filta ta mai da ƙanwarsa jawur, fata sumul kamar roba, ko tsage babu. Aikin da aka yi shekaru ana neman a warware shi ke nan yake sake ƙullawa da yatsa ɗaya.

Shin ko kun san hazon hunturu yana da nasa maɓalli? Kamfanin Adobe ya saka shi cikin manhajarsa ta Lightroom a 2015. Gwada shi kan dutsen Dogondutsi a watan Janairu, jan dutsen zai fito daga cikin ƙura. Kaɗan ake sawa. In ya yi yawa sararin sama ya koma kamar an turo shi daga marina.

Shin ko kun san gyaran da ya fi kowanne sauƙi shi ne datsewa? Miƙe hoton da ya karkace, yanke bokitin robar da ya leƙo ta gefe. Dabarar raba hoto gida uku kuwa, wani Bature ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta tun 1797, kafin a ƙirƙiro hoton kansa.

Shin ko kun san manhajar Snapseed kyauta ce, kuma in an sauke ta tana aiki ko babu intanet? Google ta sayi kamfanin da ya yi ta a 2012. Cikinta akwai hanyar ɗora hoto kan hoto: fuskar kaka a gefe, a zuba mata zangarniyar hatsi ko jerin rumbuna a cikin kallabi. In ana maganar bayan hoto kuwa, mai ɗaukar hoto Seydou Keïta na Bamako zanen atamfa kawai yake ratayawa bayan mutum, ga hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya. Ba dole sai an kai ango gaban benen Dubai ba.

Shin ko kun san duk adanawa ragi ce? Tsarin JPEG na 1992 yana zubar da wani abu duk sanda aka gyara aka sake adanawa, WhatsApp kuma ya ƙara matsewa. Ka ɓoye na asali, ka yi aiki kan kwafi, in za ka tura wa mai wanki a Dosso ko Yamai ka tura shi a matsayin fayil.

Mai sha'awar aikin jarida kuma ya san wannan: a Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangonta. Shekara arba'in da ɗoriya, har yau da shi ake yi mata gori.